Ba a Auna Kalmar Hausa da Ƙirgen Haruffa

Shafukan da ke zaƙulo kalmomin Ingilishi bisa tsawo da haruffa, domin masu wasan Scrabble da Wordle, sun ɓata mana ɗalibai. Sai ka ji wai "tsuntsu" haruffa bakwai ne, alhali "ts" baƙi ɗaya ne, kalmar kuwa gaɓa biyu ce. Ɗalibi a unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, da madannin Faransanci marar ƙugiya, in ya rubuta "baki", me yake nema: na cin tuwo, ko launin gawayi, ko mutanen da suka sauka gidansa? Tun 1934 ƙamusun Bargery ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Waɗannan shafuka ba su ma san da su ba.