Sunan da muke ba ciwon nan

Jama'a, a Madawa, Buza ko Keita, in saurayi ya fara jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi, har ya yi wa jikinshi mummunan rauni, me muke cewa? Iskoki ne, sammu ne, Tramol ne. Daga nan sai turare, sai mari a ƙafa.

Lokotorocin ƙwaƙwalwa na ce mishi automutilation majeure. Galibi ruɗewar hankali ke kawo shi, kuma ruɗewar tana jin magani. Amma Faransancin nan ba ya shiga kunnen tsohuwa, ita ko ke yanke inda za a kai ɗanta. Ku ce mata: "Inna, ciwon ƙwaƙwalwa ne." A yi addu'ar cikin mota, a ɗinke raunin a likitar gari, a wuce Tawa, in ta kama har Pavillon E na babbar asibitin Yamai.