Bayan N-Power: Yadda tuntuɓen farko ke sauya makomar 'yan mata masu NCE a Itas

A watannin Yuni da Yuli na 2020 ne Gwamnatin Tarayya ta sallami rukunin A da B na shirin N-Power, mutum 500,000 da ake biyan kowannensu N30,000 a wata. Ga budurwar da ta fito daga Itas, hedikwatar ƙaramar hukumar Itas/Gadau, ta yi NCE a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, ta kuma shiga aji ƙarƙashin N-Teach, wannan sallama ta zo ne daidai lokacin da gida ke maganar aure.

Namijin da aka sallama yana iya ɗaukar jaka ya nufi Kano ko Abuja neman wani aiki. Ita kuwa da wuya iyaye su bar ta ta zauna ita kaɗai a wani gari tana jiran takardar ɗauka. Alawus ɗin nan shi ne hujjar da take kafawa idan ta nemi a jinkirta biki, ko ta gindaya wa manemi sharaɗin ci gaba da aiki. Da ya yanke, hujjar ta raunana. Abin da ya rage shi ne makarantar kuɗi mai ƙaramin albashi, ko ɗinki da ƙananan sana'o'i a cikin gida.

Asarar ba ta tsaya a nan ba. Shekarun N-Power ba aikin gwamnati na dindindin ba ne, don haka ba su da lissafi a ƙarin girma. Dokar fansho ta 2014 ta tanadi ma'aikaci ya zuba kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10 na albashi kowane wata. Duk shekarar da mace ta yi a waje giɓi ce a asusun tsufanta. Hutun haihuwa da ma'aikatan tarayya ke samu ma bai shafe ta ba.

An dakatar da shirin a Oktoban 2023. Idan za a farfaɗo da shi, ya kamata masu tsara shi a Abuja su fara da ƙofar fita: a lissafa shekarun koyarwa a matsayin ƙwarewa, a kuma haɗa kai da SUBEB ta Bauchi wajen ɗaukar malamai mata a garuruwansu. Makarantun karkarar Katagum na buƙatarsu, domin iyaye sun fi sakin jiki da karatun 'ya mace idan akwai malama a aji.