Manhajar Kwamfuta: Saye Muka Yi Ko Haya?

Duk wanda ya san yadda ake hulɗa a kasuwar Jega ya san ƙa'idar ciniki guda ce: ka biya, a miƙa maka kayanka, ka tafi da su inda ka ga dama. To amma akwai wata haja da ta daɗe da saɓa wa wannan ƙa'ida ba tare da mun ankara ba, wato manhajar kwamfuta, wadda a yau masu shagunan buga takardu a Jega, da ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, da ma'aikatan ofisoshi a Maiyama, duk suka dogara da ita wajen neman abinci ko neman ilimi.

A da, mutum kan sayi faifai, ya ɗora manhajar, ya shigar da lambar da ke jikin kwali, shi ke nan. A shekarar 2001 ne kamfanin Microsoft ya sauya wannan tsari da Windows XP da Office XP, inda ya wajabta wa mai saye ya tuntuɓi kamfanin ta intanet ko ta waya domin a tabbatar da lasisinsa, in kuwa kwana 30 suka wuce bai yi ba, Windows ta ƙi buɗewa. Daga nan sauran suka bi sahu, har suka zarce. Adobe ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata a 2013, Autodesk mai AutoCAD ya daina sayar da lasisin dindindin a 2016, sa'annan Microsoft 365 na buƙatar kwamfuta ta leƙa intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30, in ba haka ba mutum ya ga takardunsa amma ya kasa gyara su.

Kamfanonin na da hujjarsu, domin satar fasaha ta yi musu illa, kuma babu mai adalcin da zai ce a ci gumin wani a banza. Sai dai an ɗinka wannan riga ce da awon mutumin da wutarsa ba ta ɗaukewa, intanet ɗinsa ba ya yankewa, albashinsa kuma da dala ne. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a ɗaukacin Jihar Zamfara, maƙwabciyarmu, da wasu sassan Sakkwato da Katsina saboda matsalar tsaro, aka yi makonni a haka. Mai shagon da ya biya kuɗinsa cif, wace hanya yake da ita ta gamsar da wata na'ura da ke Amurka cewa shi ba ɓarawo ba ne?

Ga kuma batun kuɗi. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana kusan Naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500, a 2025 kuma hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Ruwa ba ya tsami banza: wannan ne ke tura jama'a wajen masu ɗora manhajar bayan fage a kan 'yan kuɗi kaɗan. Amma araha ba ta ado. Irin waɗannan manhajoji sukan zo da ƙwayoyin cuta masu satar bayanan banki ko kulle takardu, ga shi kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta haramta karya makullin da mai fasaha ya sa wa kayansa.

Babban abin tsoro shi ne mabuɗin ba a hannunmu yake ba. A 2019 Adobe ya sanar da rufe asusun masu hulɗa da shi a Benezuwela saboda takunkumin Amurka, kodayake daga baya ya janye. Darasin dai a fili yake: zanen aro ba ya rufe katara.

Mafita tana hannun hukumomi. Na farko, manyan makarantun jihar su nemi lasisin bai-ɗaya mai rangwame da kamfanonin ke ba cibiyoyin ilimi, maimakon a bar kowane ɗalibi da ɗawainiyar kansa. Na biyu, duk kwangilar sayen kwamfutoci ta fayyace wane lasisi ne a ciki, da sunan wa aka yi masa rajista, da ranar ƙarewarsa, domin kada ɗan kwangila ya tafi da mabuɗin a aljihu. Na uku, a koyar da manhajojin kyauta irin su LibreOffice da Linux, waɗanda ba sa neman izinin kowa kafin su yi aiki. A 2024 wata jiha a arewacin Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutoci kusan 30,000 na ma'aikatanta kan LibreOffice. Idan masu hali sun ga dacewar haka, ina ga mu?

Manomin albasa a Aliero ba ya yarda makullin rumbunsa ya kwana a gidan wani. Takardun albashi, sakamakon jarrabawa da binciken ɗalibanmu ba su gaza albasa daraja ba. Allah Ya sa masu faɗa a ji su duba.