Mun Saya Musu Keke, Mun Manta Da Ƙirjinsu

Edita, ka ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu mai farin jini in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da 'yan uwanmu masu cututtukan raunin tsoka da jijiya suke ciki a nan Yola da Jimeta, musamman ta fuskar numfashi.

A hunturun da ya gabata muka yi jana'izar wani yaro ɗan shekara 17 a nan unguwar Mbamoi, Allah ya jiƙansa. Tun yana da kamar shekara 11 ya daina tafiya, kuma kamar yadda muka saba, ƙungiya ta yi karo-karo aka saya masa keken guragu, aka ɗauki hoto, kowa ya koma gida yana ganin ya sauke nauyi. Ni ma ina cikin waɗanda suka ba da nasu. Abin da ya yi ajalinsa kuwa mura ce, irin wadda ni da kai za mu sha shayi da citta mu wartsake a kwana uku. Ya yi ta ƙoƙarin tari, tarin ba ya fita, sai ka ga kafaɗunsa suna motsi amma babu ƙara. Aka sayo masa maganin tari a kyamis. Da abin ya tsananta aka garzaya da shi wani asibiti, aka sa masa iskar oksijin, ya yi barci, 'yan jinya suka ce sauƙi ya samu. Barcin da bai tashi ba ke nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yana da ƙane ɗan shekara 6, wanda yanzu haka ya fara tafiya a kan yatsun ƙafa, kuma idan zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyinsa da cinyoyinsa kamar mai hawa tsani. Duk mai ido ya san inda aka dosa.

Jama'a, ajali gaskiya ne, babu mai jayayya da wannan. Amma sakaci ma gaskiya ne, kuma ni ina ganin akwai namu a ciki.

Mai karatu, ka ɗauki ƙirjin mutum tamkar zugazugin maƙeri. Huhu shi ne fatar, ba ya iya buɗe kansa ko ya rufe, sai da hannun da zai zuga shi. Hannun nan kuwa shi ne tsoka: faffaɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki, da ƙananan tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari, da kuma tsokar ciki wadda ita ce ke ba tari ƙarfi. To, cutar da ta cinye tsokar ƙafa har yaro ya zauna, ba ta tsayawa a ƙafa. A hankali take hawa har ta iso ga mai zuga. Huhun lafiyarsa ƙalau, amma babu mai buɗa shi sosai, babu kuma ƙarfin da zai fitar da kaki idan ya taru. Kakin da ya kwanta a ƙirji shi ke zama ciwon huhu, shi kuwa ciwon huhu shi ke ɗauke yawancin masu irin wannan lalura.

Cututtukan suna da yawa, kuma mu duk mun haɗa su a buhu ɗaya mun kira su shan inna ko iska. Irin ta yaron da na ambata likitoci suna kiranta Dushen, sunan wani likitan Faransa da ya yi bayaninta a shekarun 1860. Gado ce da ke bi ta wajen uwa, kusan maza kaɗai take kamawa, kimanin ɗaya cikin jarirai maza 3,500 zuwa 5,000. Akwai wadda ke kama jarirai su zama laɓo-laɓo ba sa iya riƙe wuya. Akwai Gilan-Bare, wadda ke faɗo wa mutum lafiyayye bayan zazzaɓi ko gudawa, ƙafafu su mutu, abin ya riƙa hawa sama cikin 'yan kwanaki, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na masu ita sai an sa musu na'urar numfashi kafin su farfaɗo, amma yawancinsu suna warkewa idan an riƙe musu ran a wannan tsakanin. Sannan ga su nan birjik a bakin kasuwar Jimeta da mashigar tituna, waɗanda foliyo ta shanye tun suna yara. An tabbatar da nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar foliyo ta daji a watan Agusta na 2020, bayan an ga ta ƙarshe a Jihar Barno a 2016, aka yi ta murna. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan da ransu, kuma an san cewa bayan shekara 15 zuwa 40 wani sabon rauni yakan dawo wa da yawa daga cikinsu. Wanda bayansa ya karkace ya danne ƙirji, shi ya fi kowa shiga haɗari. Yaran da suka kamu a lokacin da aka dakatar da rigakafi a Kano a 2003 zuwa 2004 yanzu sun haura shekara 20.

Ga wani abin da ke ba ni mamaki. Idan yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ya wayi gari ƙafarsa ta saki, akwai tsari mai kyau na kai rahoto, jami'ai su zo har gida su karɓi bayan gidansa a kai ɗakin gwaji na Maiduguri ko Ibadan. Madalla da wannan. To, amma da zarar sakamako ya ce ba foliyo ba ce, wa ke komawa ya tambayi uwar ko yaron yana iya tari? Mun nuna za mu iya nemo yaro ko a wane lungu yake idan ƙwayar cuta muke nema. Me zai hana mu neme shi saboda shi kansa?

Raunin numfashi da dare yake farawa, shi ya sa yake shammatar mutane. Mai shi yakan tashi da ciwon kai da safe, ya wuni yana gyangyaɗi, ya riƙa farkawa a firgice ko yana gumi, abinci ya fita ransa, ya rame, muryarsa ta yi ƙasa, ba ya iya gama dogon zance sai ya tsaya ya ja numfashi. Wani ba ya iya kwanciya rigingine sai an tokare shi da matasai. Wani kuma yana yawan ƙwarewa da ruwa ko kunu. A gidajenmu sai a ce ragwanci ne, ko zafin Yola ne ya hana shi barci, ko a ce taifot ne a ɗora shi a kan allura. Da yake ba ya tafiya balle ya yi haki, babu mai lura.

A nan nake roƙon a saurare ni da kyau game da oksijin, domin mun ɗauke ta a matsayin maganin duk wani mai numfashi sama-sama. Matsalar mai raunin tsoka ta fi ƙarfin shigar iska mai kyau, har da fitar da gurɓatacciyar iskar da jiki ke samarwa. Idan aka ba shi oksijin ita kaɗai ba tare da an taimaka wa ƙirjin ya zuga ba, na'urar da ake maƙala wa yatsa za ta iya nuna lamba mai kyau alhali gurɓatacciyar iskar tana taruwa a jini, tana sa shi barci mai nauyi har ya suma. Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1952 annobar foliyo ta afka wa birnin Kwapanhagin na ƙasar Danmak, inda cikin mutum 31 na farko da ta taɓa musu numfashi, 27 suka mutu. Wani likita mai suna Bjorn Ibsen ya gano cewa taruwar gurɓatacciyar iska ce ke kashe su, sai aka riƙa tura musu iska ta bututu da jakar roba da ake matsawa da hannu. Ɗaliban likitanci kimanin 1,500 suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jakar nan na tsawon makonni, mace-macen suka ragu da fiye da rabi. Daga nan ne ɗakin kula da marasa lafiya na gargara, wanda muke ji da shi a yau, ya samo asali. Ba ina cewa a ƙi oksijin idan likita ya ce a sa ba, a'a. Ina cewa ɗan jinya ya buɗe baki ya faɗa wa likita tun a ƙofa cewa wannan mai raunin tsoka ne, a sa ido a kansa, kada a ɗauki barcinsa a matsayin sauƙi. Haka kuma maganin barci da maganin tari mai sa maye guba ne gare su.

Wani zai ce, Malam, ai wannan zancen ƙasashen Turai ne, mu ina muka ga kuɗin na'ura? Gaskiya ne akwai ɓangaren da ke da tsada. Na'urar da ke tura iska ta takunkumin hanci da dare ita ce ta canza labarin masu Dushen: wani bincike da aka buga a 2002 daga birnin Niyukasul na Ingila ya nuna a shekarun 1960 suna mutuwa ne a matsakaicin shekara 14, amma waɗanda aka sa wa na'urar daga 1990 sun kai shekara 25, kuma a yau da yawa suna haura 30. Na'urar tana son wuta duk dare, mu kuwa mun san halin wutarmu, sai an haɗa da sola da batir. Wannan sai hukuma ko mai hali.

Amma rabin aikin ba ya buƙatar wuta ko kaɗan, kuma shi ne ya fi ba ni takaici. Akwai ɗan bututun roba da masu asma suke hurawa, da shi ake auna ƙarfin tari. Ga babba ko yaron da ya haura shekara 12, idan ya gaza lita 270 a minti ɗaya to lokacin fara taimaka masa ya yi, idan ya gaza 160 tarinsa ba ya fitar da komai. Akwai taimakon tari da hannu, inda mai jinya zai ɗora tafukansa a ƙasan haƙarƙari ya danna ciki da sama daidai lokacin da mara lafiya ya yi tari. Akwai tara numfashi da irin jakar robar nan ta asibiti, a matsa sau biyu ko uku yana riƙewa har ƙirji ya cika, sannan ya tofar da ƙarfi, wanda ke hana ƙirji ƙagewa idan ana yi kullum. Sai juya kwanciya, da zaunar da shi a miƙe wajen cin abinci, da nisanta shi daga hayaƙin murhu da na janareto da maganin sauro mai hayaƙi, da rufe masa hanci a lokacin hazo, da cika masa rigakafi, da kai shi asibiti tun ranar farko ta zazzaɓi da tari. Sai dai ina jan kunne: kada wani ya karanta wannan ya je ya danne cikin yaro. Ba a yi bayan an ci abinci, ba a yi wa mai ciki ko mai karaya a haƙarƙari, ita ma jakar tana da nata ƙa'idojin. Aikin likitocin gashi ne, waɗanda ake kira fisiyo, su koya wa uwa da hannunsu, kuma zama kaɗan ya isa. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri sun daɗe suna yaye su. Mu ne muka ɗauka aikinsu bai wuce gasa ƙafar mai shanyewar ɓarin jiki ba.

Wannan kuwa haƙƙi ne, ba alfarma ba. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ɗora wa gwamnati tabbatar musu da samun kulawar lafiya ba tare da wariya ba, ta kuma ba su fifiko a layi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ko da wane dalili. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu domin masu rauni. Babu ɗaya daga cikinsu da ta ce sai ka nuna takardar zama ɗan asalin jiha, kuma sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya haramta a ware mutum saboda inda ya fito. Na faɗi haka ne domin na san yadda wasunmu suke jin nauyin tambaya, sai su ɗauki mara lafiyar da ke numfashi da ƙyar su sa a mota, a yi ta bugawa wuni guda zuwa Kano ko Katsina wai a kai shi gida, alhali ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a nan Yola da Asibitin Ƙwararru a Jimeta.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su sanya wannan magana a ajandar taro mai zuwa. A fara da ƙidaya, unguwa-unguwa, daga Mbamoi da Makama da Toungo har Luggere da Jambutu da Doubeli, mu san mutum nawa muke da su. Iyaye mata ne za su fi iya wannan, domin su suka san ɗakin da ake ɓoye yaro. Daga nan kwamitin walwala ya rubuta wa sashen fisiyo na asibitocin nan biyu ya nemi a ba mu rana guda a auna su, a kuma koya wa masu jinya, sannan a sake aunawa duk bayan wata shida ga waɗanda suka daina tafiya. A nemi hukumar inshorar lafiya ta jiha ta yi musu rajista cikin masu rauni. Kuma daga yau, duk keken da ƙungiya za ta saya, a haɗa da kuɗin bututun auna tari da kuɗin motar kai mai shi asibiti, a rage na rumfa da na mai ɗaukar hoto. Ni dai na yi magana da mahaifin yaran nan, ya amince a fara rubuta sunan ƙaramin.