Zauren 29 ga Yuli: gidan tarihi ne, ko rumfar haya?

Duk wanda ya bi ta gefen filin wasa na Janar Seyni Kountché a Yamai zai hangi babban zauren nan da ake kira Palais du 29 Juillet. Domin wasanni aka gina shi, amma siyasa ce ta raɗa masa suna. A cikinsa ne aka buɗe Babban Taron Ƙasa ranar 29 ga Yuli 1991, inda wakilai fiye da 1,000 suka kwashe kwana 98, ƙarƙashin jagorancin Farfesa André Salifou, suna bin diddigin yadda aka mulki Nijar. Daga nan Cheiffou Amadou ya fito a matsayin firaministan riƙon ƙwarya. Ke nan, a wannan zaure ne talaka ya fara jin ana tambayar manya ina suka kai dukiyar ƙasa.

To, wannan tambayar ce muke son mu mayar wa zauren kansa. A ƙasar da rana ke gasa mutum a watan Afrilu, ƙura ta turnuke da hunturu, rufaffen fili mai fitilu da kujeru ba abin wasa ba ne. Shi ya sa kowa ke rububinsa: masu baje koli, mawaƙa, masu taron addini, hukumomi, da ƴan wasan ƙwallon kwando, ƙwallon hannu, dambe da taekwondo. Amma idan buƙatu suka yi karo, wa ake ce wa ya dakata? Mai kuɗin haya yana da bakin magana. Ɗan wasa kuwa ba shi da komai sai guminsa.

Alhali gumin nan ne ya fitar da mu kunya. Lambobin Olympics biyu Nijar ta taɓa samu: tagullar Issaka Daboré a damben Munich a 1972, da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a taekwondon Rio a 2016. Dukansu daga wasannin cikin zaure suka fito.

Za a ce haya ce ke biyan wutar lantarki da albashin masu gadi. Gaskiya ne, kuma ba mu ƙi ba. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya ɗauko haja zuwa baje koli yana da haƙƙi, mawaƙin da ya cika zaure ma haka. Sai dai duk ɗan kasuwa ya san shagon da ba a rubuta shige da fice, karyewa yake. Duk ma'aikacin gwamnati kuma ya san halinmu: muna da zafin gini, muna da sanyin gyara. Mun karɓi wasannin Francophonie a 2005. Mun ga gine-ginen bikin 18 ga Disamba: Maradi Kolliya a 2015, Tahoua Sakola a 2017, Zinder Saboua a 2018. Nawa aka ware domin kula da su bayan an naɗe tabarma?

Abu uku muke nema. Na farko, a fitar da jadawalin shekara tun watan Janairu, a keɓe wa ƙungiyoyin wasanni ranakun da ba mai taɓa su, kome girman rawaninsa. Na biyu, a liƙa farashin haya a bakin ƙofa, ɗaya ga kowa, ba sani ba sabo. Na uku, a buga lissafin shekara a jarida, a nuna kason da ya tafi ga rufi, bene da banɗaki.

Wannan ba neman fitina ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Zauren da aka koya wa ƴan Nijar neman ba'asi a cikinsa, shi ya fi cancanta ya fara ba da nasa.