Kada tarihinmu ya mutu a cikin tsohuwar kwamfuta

Kamfanin Microsoft ya sanya watan Oktoban 2026 a matsayin ƙarshen manhajarsa ta Publisher. Wani zai ce ina ruwanmu. Da ruwanmu kuwa. A shagunan buga takardu daga New Bell har Sodiko, da ita da CorelDraw aka tsara katunan aure da na suna, da takardun shaidar makarantun Islamiyya, da kalandun ƙungiyoyi. Manhaja tana mutuwa, fayil ɗin yana nan, sai dai babu mai buɗe shi.

Ba yau farau ba. WordStar da Lotus 1-2-3 da Microsoft Works duk sun yi zamaninsu sun wuce. Matsalar ita ce kowane kamfani yana adana rubutu da tsarinsa na kansa, mabuɗin kuma yana hannunsa. A 1986 BBC ta tattara bayanan rayuwar mutanen Birtaniya a kan faifan LaserDisc. Kafin shekara ashirin na'urar karanta shi ta yi wuyar samu, sai da masana suka sha aiki suka ceto shi. Littafin Domesday na 1086 da aka kwaikwaya kuwa har gobe ana karanta shi.

Mu masu rubutu da Hausa, namu ciwon ya fi haka. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, ana samun ɓ da ɗ da ƙ ne ta hanyar haruffa na musamman, irin waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira a Kano, ko waɗanda SIL ta yi wa harsunan Kamaru. Dabarar ita ce a ɗora ƙ a gurbin wata alama. In aka buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da waɗannan haruffa, alamar asali ce ke fitowa. Ma'ana kuma ta tafi, don ƙasa daban, kasa daban.

Abin daɗin shi ne yawancin wannan yana cetuwa. Shawararmu ga sakatarorin ƙungiyoyi, da kwamitocin masallatai, da masu riƙe lissafin adashi, ita ce: da farko a kwafe komai daga tsofaffin disket da CD, don laimar Duwala ba ta raga musu. A yi aiki a kan kwafi, kar a taɓa na asali. Manhajar LibreOffice kyauta ce, tana buɗe fayilolin Publisher da Works da WordPerfect da CorelDraw, ko da wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce. Haruffan da suka rikice kuma, a gano alamar da ta tsaya wa kowane harafi a musanya ta gaba ɗaya, sannan wanda ya iya Hausa ya duba. Daga nan a adana a PDF don karatu, a ODT ko CSV don gyara, a wuri biyu aƙalla. Abin da ya shafi gado ko fili, a buga shi a takarda ma.

Mu tsiraru ne a wannan gari. In ba mu adana sunayen waɗanda suka gina makarantunmu da masallatanmu ba, babu ofishin da zai yi mana. Don haka mai shagon da ke shirin sayar da tsohuwar kwamfutarsa, don Allah ya dakata, ya fara kiran masu takardun da ke ciki.