Motar Da Ke Sake Hali Cikin Dare

Jama'a, duk wanda ya tashi a ƙasar Yusufari ya san abin hawa mai kai kansa gida. In mutum ya taso daga kasuwa da yamma a gajiye, sai ya haye jakinsa ya sake masa, shi kuwa jaki ya san hanya, har ƙofar gida zai kai shi ko da yana gyangyaɗi. Abin da ya sa mai jaki ya amince haka, don ya san halin dabbarsa ne. Jakin da ya ɗaure jiya da dare shi zai kwance yau da safe, ba abin da ya ƙaru ko ya ragu a halinsa.

To, ga shi zamani ya kawo wata irin mota mai aiki da lantarki, wadda a ke cewa ita ma tana tuƙa kanta. An kewaye jikinta da kamarori, su ne idanunta, a ciki kuma akwai kwamfuta mai duba abin da idanun nan su ka gani, ta juya sitiyari, ta taka birki. Umarnin da kwamfutan nan ke bi shi a ke kira manhaja. Abin mamaki, kamfanin da ya ƙera motar yana iya aiko mata da sabuwar manhaja ta intanet tana ajiye a ƙofar gida. Watau mutum ya kwanta da mota mai wani hali, ya wayi gari da mota mai wani halin dabam. Kamfanin Tesla na Amurka shi ya yi suna a wannan. A watan Oktoba na 2015 ya aika wa motocinsa da tsarin da ya kira Autopilot, a watan Oktoba na 2020 kuma ya fara ba waɗansu masu motoci wani tsarin da ya sa wa suna da Turanci, ma'anarsa "cikakken tuƙin kai."

Kada mu ƙi faɗin alherin abin. A 2018 wata mujallar masu saye a Amurka ta gwada motar Tesla ƙirar Model 3, ta ga daga gudun mil 60 a awa sai ta ci ƙafa 152 kafin ta tsaya, wannan kuwa ya yi yawa. Kamfanin ya aiko da gyara ta iska, aka sake gwadawa, ta tsaya a ƙafa 133. Ba wanda ya je gareji, ba makanikin da ya taɓa ko da noti ɗaya. Mu da mu ka san wahalar jan mota daga Yusufari zuwa Gashuwa ko Nguru don neman mai gyara, mun san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma hanyar da gyara ya bi ya shigo, ita ɓarna ma kan bi. Cikin watan Oktoba na 2021 kamfanin ya aiko da wata sabuwar manhaja, gari na wayewa masu motoci su ka fara kuka, wai mota tana cikin gudu sai ta danna birki da kanta, alhali ba kome a gabanta. Cikin kwana biyu aka aiko da wani saƙon ya gyara, motocin da abin ya shafa kuwa 11,704 ne. Ku duba fa, waɗannan mutane ba su yi laifin kome ba, motocinsu lafiya lau su ka kwana. A watan Fabrairu na 2022 hukumar kiyaye haɗarin hanya ta Amurka ta buɗe bincike a kan irin wannan birki na ba gaira ba dalili, bayan ta karɓi ƙara 354. A Fabrairu na 2023 aka ce a gyara manhajar motoci 362,758, saboda wani lokaci su kan yi ganganci a mararraba. A Disamba na shekarar nan kuma aka ce a gyara fiye da motoci miliyan 2, don tsarin ba ya tsananta wa direba ya kula da hanya yadda ya kamata.

Sa'an nan ga maganar kuɗi. A 2016 kamfanin ya ce duk motar da ya ke ƙerawa tana da kayan da za su ishe ta tuƙa kanta sarai, sai dai a jira manhaja. Mutane su ka yi ta biya suna jira, har a 2022 kuɗin tsarin ya kai dala 15,000. A watan Janairu na 2025 shugaban kamfanin, Elon Musk, ya yarda da bakinsa cewa kwamfutocin da ke cikin motocin da yawa daga cikin masu biyan nan sai an sake su. Wannan shi ne sayen kifi a ruwa.

Ni dai ra'ayina, ba motar ce abin tsoro ba, sunan da aka sa mata ne. Mu a nan kwaleji mun fi kowa gane wannan. Idan an tura ɗalibi gwajin koyarwa a wata firamare, shi ke riƙe da alli, shi ke magana, yara kuma suna ce masa Malam. Amma malamin da ke duba shi yana zaune a bayan aji da takarda a hannu, ba ya barci, domin in an koya wa yara kuskure, shi za a tambaya. To, motan nan ɗaliba ce mai gwajin koyarwa, direba shi ne mai dubawa. Har ma ta fi ɗalibi wuyar dubawa, gama ɗalibin da ka duba ran Litinin shi za ka tarar ran Talata, ita kuwa mai yiwuwa an sake mata tunani cikin dare. Kamfanin da kansa yana faɗi cikin takardunsa cewa dole direba ya zuba ido a hanya, a 2024 ma ya ƙara wa sunan tsarin kalma mai ma'anar "a ƙarƙashin kulawa." Amma wa ya ke karanta ƙananan rubutu bayan ya ji babban suna? Tun a watan Mayu na 2016 wani direba ya rasu a Jihar Fulorida, motarsa na kan Autopilot ta shige ƙarƙashin wata farar tirela da ta gitta hanya, ba ita ba shi ba wanda ya taka birki.

Na san wani zai ce, "Malam, ina ruwanmu da wannan, mu da ko wutar cajin waya ba ta ishe mu ba?" Haka kakanninmu su ka ce game da jirgin ƙasa, sai ga shi ya iso Nguru a 1930. Motar lantarki ta riga ta shigo ƙasan nan. A 2020 aka nuna motar Hyundai Kona da aka haɗa a Legas, a 2021 aka buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, a Disamba na 2023 kuma Gwamnatin Jihar Barno, maƙwabciyarmu, ta ƙaddamar da motocin haya masu lantarki a Maiduguri. Waɗannan mutum ke tuƙa su, amma su ne 'yan share fage. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kowa neman mafita ya ke yi, motocin da aka gama yayinsu a Turai da Amurka kuwa nan su ke ƙarewa.

In sun zo, wace hanya za su tarar? A watan Oktoba na 2024 hukumar nan ta Amurka ta buɗe bincike a kan motoci wajen miliyan 2.4, saboda haɗura huɗu da aka yi a lokacin da gani ya yi wuya, watau cikin ƙyallin rana, ko hazo, ko ƙura, a ɗaya har aka kashe mai tafiya a ƙasa. Abin da ya ke baƙo ne a can, a nan shi ne ɗan gida. Ku tuna hazon hunturu tsakanin Gashuwa da Nguru, ku tuna yadda rairayi ke hawa kan kwalta, balle hanyar Tulo-Tulowa inda sawun motar jiya shi ne hanyar yau. Manhajar da ta yi karatunta a titunan Kalifoniya masu farin layi, ina ta san amalanken shanu, ko garken raƙuma, ko yaro mai korar awaki?

Saboda haka ina roƙon hukumomin da ke kula da hanyoyinmu su yi shiri tun abin bai iso ba. Kada a yarda a sayar da mota da sunan mai tuƙa kanta muddin tana bukatar idon direba. Kada kuma kamfani ya sake halin birki ko sitiyari daga nesa sai ya sanar da hukuma, ya kuma gaya wa mai mota abin da ya sake da harshen da zai gane. Ba sabon abu na roƙa ba. Ƙasar Sin ta ɗauki irin wannan mataki a watan Afrilu na 2025, bayan wata motar Xiaomi ta yi haɗarin da ya ci rayuka uku. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu kuma 'yan'uwana malamai da ɗalibai, namu aikin yana cikin aji. Yaran da za mu koyar a Yusufari da Machina da Karasuwa su ne direbobin gobe, su ne kuma fasinjoji. Mu saba musu da tambayar kowace na'ura: wa ya yi ki, wa ke iya sake ki, in kin yi ɓarna kuma wa zai biya? Yaron da ya iya waɗannan tambayoyi ba zai saki sitiyari don an gaya masa suna mai daɗi ba.

Allah ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe, ya kai kowa gida lafiya, amin.